Enka: Muryar 'Yan Ciranin Japan

Duk daren 31 ga Disamba, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Japan, wato NHK, yakan shirya gasar waƙa tsakanin mata da maza wadda ake kira Kohaku. Tun 1951 ake yin ta, kuma an yi zamanin da kusan kowane gida ke zaune gaban akwati a wannan dare. A 1963, kashi 81 cikin 100 na gidajen da aka auna a yankin Tokiyo sun kalle ta. Da farkon dare matasa ne ke tsalle-tsallensu. Idan dare ya raba, sai a fito da mace sanye da kimono, rigar gargajiyar Japan, ta tsaya cak, babu rawa babu rangaji, ana zubo mata yankakkiyar farar takarda daga sama a madadin dusar ƙanƙara, ta ja murya tana lanƙwasa ta kamar wadda kuka ya tokare wa maƙogwaro. Wannan waƙar ita ce enka. Idan ka tambayi dattijo a Japan, cewa zai yi ita ce zuciyar ƙasar, gadon iyaye da kakanni.

Sai dai enka ba ta tsufa kamar yadda ake zato ba. Lokacin da mawaƙan nan na Ingila, Beatles, suka yi wasa a zauren Budokan na Tokiyo a 1966, kamfanonin faifai ba su ma fara sayar da wani rukunin waƙa da sunan enka ba tukuna. A ƙarshen shekarun 1960 ne sunan ya kama, a shekarun 1970 kuma ta yi tashe. Wani malamin jami'ar Osaka, Wajima Yusuke, ya bi diddigin wannan tarihi a littafin da ya fitar a 2010, ya nuna yadda 'yan kasuwar faifai da marubuta da 'yan jarida suka haɗa hannu, da gangan ko ba da gangan ba, wajen ƙera abin da aka zo ana kira al'ada. Na yarda da shi a kan tarihin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tambayar da ke biye: ta yaya al'umma mai ilimi, mai tsohon adabi na ƙarnuka, ta karɓi sabon abu a matsayin tsoho cikin shekara goma kacal, har tana zubar masa da hawaye? Ruwa ba ya tsami banza. Talla kaɗai ba ta sa mutum kuka.

Sunan kansa tsoho ne, amma da can wani abu daban yake nufi. A shekarun 1880, lokacin da 'yan fafutukar neman 'yanci da majalisar dokoki suka matsa wa gwamnatin Sarki Meiji lamba, gwamnati ta kafa dokar taƙaita tarukan siyasa a 1880. Da aka hana su lacca, sai matasan suka mayar da jawabinsu waƙa, suna rerawa a bakin titi suna sayar da takardun baitocin. Daga nan aka sami enka, ma'ana jawabi cikin waƙa. Mafi shahara a cikin waɗannan mawaƙan titi shi ne Soeda Azenbo, wanda ya yi ta zambo ga masu mulki da masu kuɗi. Bayan an kafa majalisa a 1890 zafin siyasar ya ragu, mawaƙan titi suka ɗauki gogen Turawa suka koma waƙoƙin soyayya da labaran abin tausayi. Da rediyo ya zo a 1925, garmaho kuma ya shiga gidaje, sana'arsu ta mutu a hankali. Sunan ya kwanta shekara arba'in kafin wasu su tashe shi su liƙa wa wani abu.

Shi kuwa amon da kunne ke ji a yau ya ce enka ne, daga kamfanonin faifai ya fito. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanoni irin su Victor da Columbia da Polydor suka kafu a Japan da jari ko fasahar ƙasashen waje, suka zo da wani tsari: kowane kamfani yana da marubutan baiti nasa, da masu tsara kiɗa nasa, da mawaƙa nasa, ba mai yi wa wani kamfani aiki. Masu tsara kiɗan sun yi karatun kiɗan Turai, amma jama'ar da za su sayi faifan kunnensu ya saba da karin gargajiya. Dabarar da suka yi ita ce, a cikin matakai bakwai na tsanin sautin Turawa, do re mi da sauransu, sai suka tsame na huɗu da na bakwai, aka bar biyar. Wannan tsani ana kiransa yonanuki. Da shi ana iya kaɗa jita da fiyano da goge yadda Bature ke yi, amma karin ya fito da ƙamshin gida. Nakayama Shinpei ya gwada shi a waƙar matuƙin kwalekwale, Sendo Kouta, tun a 1921, waƙa mai tsananin baƙin ciki da ta game ƙasar, har wasu suka ɗora mata alhakin jawo girgizar ƙasar da ta rushe Tokiyo a 1923. Bayansa Koga Masao ya zo, mutumin da daga baya aka riƙa kira uban wannan kiɗa. Koga kuwa a ƙungiyar makaɗan mandolin ta jami'ar Meiji ya goge, kayan kiɗansa jita ce, kuma ɗaya daga cikin shahararrun waƙoƙinsa na farko, Kage wo Shitaite, a kan bugun uku-uku na rawar Turai take tafiya. Wanda ya rera ta a faifan da ya yi suna, Fujiyama Ichiro, ɗalibin makarantar kiɗan Turai ne mai murya tsaf, babu lanƙwasa ko kaɗan.

Lanƙwasar murya ta shigo ne daga baya, ta wata ƙofa. Ana kiranta kobushi: mawaƙi ya riƙe gaɓa ɗaya ya yi ta murɗa ta sama da ƙasa cikin sauri kafin ya sake ta. Wannan salon na waƙoƙin manoma da masunta ne, minyo, da kuma na masu ba da labari cikin waƙa tare da molon nan mai tsirkiya uku, shamisen, sana'ar da ake kira rokyoku. A shekarun 1950 mutanen waɗannan sana'o'i suka fara shiga kamfanonin faifai. Mihashi Michiya daga minyo ya fito, Minami Haruo da Murata Hideo daga rokyoku. Ita ma Misora Hibari, wadda a yau ake kira sarauniyar enka, ba da enka ta fara ba. Yarinya ce 'yar Yokohama da ta yi suna tana da shekara 12 a 1949, tana rera bugi-wugi da jaz da duk abin da aka miƙa mata. Ko a 1967 ta fito da gajeren siket tana rera waƙar matasa tare da 'yan jitar lantarki. Duk waɗannan a lokacin sunansu ɗaya, kayokyoku, wato waƙar yayi.

Abin da ya sa wannan gauraye ya rikiɗe ya zama abu guda mai suna yana cikin tarihin tattalin arzikin ƙasar. A 1950 kusan rabin ma'aikatan Japan manoma ne da masunta da masu aikin daji. Zuwa 1970 ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Cikin shekara ashirin ƙauyuka suka zazzage 'ya'yansu cikin Tokiyo da Osaka da Nagoya. Daga 1954 har zuwa 1975, duk ƙarshen shekarar karatu, hukumar jiragen ƙasa takan ware jirage na musamman su kwaso yaran da suka gama ƙaramar sakandare daga jihohin arewa, irin su Aomori da Iwate da Akita, su sauke su a tashar Ueno da ke Tokiyo. Yara ne 'yan shekara 15, sanye da kayan makaranta, kowane riƙe da jakarsa. Masu ƙananan masana'antu da masu shaguna suna jiransu a tasha da alluna, kowa ya kwashi nasa. Saboda arha da biyayyarsu, ana ce musu ƙwan zinariya. Da yawansu a ɗakin da ke saman shagon maigida suke kwana, kuma mutanen birni suna yi wa harshensu na arewa dariya, har wasu suka gwammace yin shiru. Waƙar Aa Ueno Eki ta Izawa Hachiro, wadda ta fito a 1964, a kansu aka yi ta, kuma yanzu haka akwai allon tunawa da ita a bakin tashar.

Iyayensu maza ma ba su zauna ba. A arewacin Japan dusar ƙanƙara takan rufe gona wata da watanni, don haka da an gama girbin shinkafa sai magidanta su hau jirgi su tafi aikin gini a birni, ba su dawowa sai lokacin shuka. Su dekasegi suke cewa, mu kuma cirani. Duk wanda ya san ƙauyen da ya rage daga mata sai tsofaffi da yara da zarar an kai amfanin gona gida, ya san yanayin da nake nufi. Waɗannan mutane su suka haƙa hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka zuba kankaren manyan tituna da filayen wasannin Olamfik na 1964. A 1968 tattalin arzikin Japan ya wuce na Jamus ta Yamma, ya zama na biyu a ƙasashen jari-hujja. Jaridu suka yi ta murna da alƙaluma. Amma babu alƙalamin da ya auna kewar yaron da ya bar uwarsa yana ɗan shekara 15, ko ta magidancin da ke kwana a bukkar leburori yana lissafin kwanakin komawa.

A daidai wannan lokaci ne kasuwar waƙa ta rabu biyu. 'Ya'yan birni masu kuɗin kashewa suka bi jitar lantarki da waƙoƙin Amurka da Ingila, kuma suka fara rubuta waƙoƙinsu da kansu, abin da ya girgiza tsohon tsarin kamfanoni. Tsohon salo ya zama abin raini, waƙar 'yan ƙauye da 'yan mashaya. Abin mamaki shi ne waɗanda suka fara ɗaga darajarsa ba masu ra'ayin riƙau ba ne, 'yan boko ne masu ra'ayin sauyi. Bayan zanga-zangar adawa da yarjejeniyar tsaro da Amurka ta 1960 ta ci tura, wasu marubuta suka fara cewa 'yan boko sun yi nisa da talaka, kuma ainihin muryar talaka tana cikin waƙoƙin nan da ake rainawa. Itsuki Hiroyuki ya rubuta ƙagaggen labari mai suna Enka a 1966, a kan wani tsohon ma'aikacin kamfanin faifai da ya ƙi sakin tsohon salo. Labarin ya taimaka wajen dawo da sunan bakin jama'a, ya kuma ba shi ma'anar da ba shi da ita a da: waƙar wanda aka danne, wanda ci gaba ya bari a baya.

Sai ga Fuji Keiko a 1969, kamar an yi ta domin ta cika wannan siffa. Shekararta 18, iyayenta masu yawon rokyoku ne, mahaifiyarta ba ta gani sosai, ita kuma ta tashi cikin talauci a tsibirin Hokkaido da ke can arewa tana bin su gari-gari. Fuskarta kamar 'yar tsana, ba murmushi, muryarta kuwa a dushe, mai kauri, kamar ta macen da duniya ta gama wahalarwa. Kamfaninta ya tallata ta da laƙabin tauraruwar enka. Kundinta na farko ya yi mako 20 a jere a saman jadawalin ciniki na Oricon a 1970, na biyu ya karɓa ya ƙara mako 17. Ɗaliban da 'yan sanda suka fatattaka daga jami'ar Tokiyo a farkon 1969 sun ji kansu a cikin muryarta, haka ma 'yan matan da ke aiki a mashayun unguwar Shinjuku ta Tokiyo. Daga kanta ne enka ta zama kalmar da kowa ya sani. ('Yarta, Utada Hikaru, ita ce ta zo a 1999 ta kafa tarihin cinikin kundi a Japan da waƙoƙi masu salon Amurka, abin da ke nuna saurin juyawar zamani a gida ɗaya.)

Hanyar da enka ta bi ta isa kunnen jama'a ita ma ta sassaƙa kamanninta. Akwai nagashi, mawaƙa masu yawo da jita daga mashaya zuwa mashaya suna rera abin da mai sha ya nema a ba su 'yan kuɗi. Kitajima Saburo, wanda daga baya ya fito a Kohaku sau 50, a haka ya yi shekaru a unguwar Shibuya kafin a gano shi. Akwai kuma yusen, rediyon waya da ake jona wa mashayu da shagunan abinci, inda ake buga tarho a nemi waƙa. Waƙa tana iya yin wata da watanni tana zagaya mashayu ta yusen kafin talabijin ya san da ita. Masu neman waƙar kuwa galibi matan da ke aiki a wuraren ne da baƙinsu, shi ya sa giya da ruwan sama da tashar jirgin ruwa da rabuwa suka cika baitocin. A farkon shekarun 1970 na'urar karaoke ta ɓulla, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera ta shi ne Inoue Daisuke a Kobe a 1971, kuma wurin da ta fara samun gindin zama shi ne ƙananan mashayun da ake kira sunakku, inda mace ɗaya da ake kira mama ke kula da baƙi goma ko ƙasa da haka. Ma'aikacin da ya wuni yana rusuna wa maigida yakan karɓi makirufo ya rera baƙin cikin wani, wanda a gaskiya nasa ne. Wannan ya sa masu tsara enka suka riƙa yin ta a hankali, da dogon kiɗan shiga, da wurin da murya za ta hau ta nuna gwaninta, don mai koyo ya iya bi.

Waƙar da a ganina ta fi kowace tattara wannan zamani ita ce Tsugaru Kaikyo Fuyugeshiki, wadda ta fito ranar 1 ga Janairu 1977. Labarinta gajere ne. Mace ta hau jirgin dare daga Ueno, ta sauka a tashar Aomori cikin dusar ƙanƙara, ta bi ayarin masu komawa arewa waɗanda ba mai cewa uffan, ta shiga jirgin fito da zai tsallaka mashigin Tsugaru zuwa Hokkaido, ta tsaya tana kallon tsuntsayen teku da sanyi ya kama, tana kuka. Ta bar wani namiji a Tokiyo kuma ba za ta koma ba. A duba hanyar da ta bi: ita ce hanyar jiragen yaran nan, amma a juye. Duk wanda ya taɓa sauka a Ueno da jaka a hannu ya san kowace tasha a kan layin, ya san doguwar gadar da ake bi daga jirgin ƙasa zuwa jirgin ruwa, ya san tsallakawar kusan awa huɗu ce, ya kuma san a wannan ruwan ne guguwa ta kifar da jirgin Toya Maru a 1954 mutum fiye da 1,100 suka halaka. Waƙar soyayya ce a baki, amma abin da ke ƙarƙashinta shi ne komawa gida hannu rabbana bayan birni ya ƙi ka.

Kuma a dubi waɗanda suka yi ta. Mawaƙiyar, Ishikawa Sayuri, 'yar Kumamoto ce a can kudu, shekararta 18, ta fara ne a matsayin 'yar waƙar matasa. Marubucin baitocin, Aku Yu, tsohon ma'aikacin kamfanin talla ne daga tsibirin Awaji, kuma a wannan shekarar ta 1977 shi ne ke rubuta wa 'yan matan Pink Lady waƙoƙin rawa. Kiɗan, wanda Miki Takashi ya tsara, da kukan saksofon yake buɗewa. Ba ɗan arewa ko ɗaya a cikinsu. Wani zai ce wannan ya nuna abin ƙirƙira ne kawai. Ni ina ganin ya nuna ƙwarewa ce: sun saurari ƙasarsu da kyau, sun gane inda ke mata ciwo, suka sa hannu daidai wurin. Mutanen Aomori ba su ce an yi musu ƙarya ba, allunan tunawa suka kafa wa waƙar.

A shekarar dai Sen Masao, ɗan jihar Iwate, ya fitar da Kitaguni no Haru, a kan wani ɗan cirani da uwarsa ta aiko masa da ɗan ƙunshi daga gida don tana ganin a birni ba a sanin sauyawar yanayi. Yakan hau dandamali da tsohon kwat da takalmin roba da tsohuwar akwati, tawul a wuya, ya rera ta shekara uku a jere a Kohaku. Waƙar ta tsallaka zuwa Sin da Taiwan da wasu ƙasashen yankin aka fassara ta, domin su ma jiragensu sun fara kwasar 'ya'yan ƙauye. Arewa a enka ta zama wuri biyu a lokaci guda, gidan da aka baro da kuma inda mai raunin zuciya ke gudu ya ɓuya. Hukumar jiragen ƙasa ma ta ci moriyar wannan bege, domin tun 1970 ta fara gangamin jan 'yan birni su je yawon ganin ƙauyuka, ƙauyukan da ita ce ta kwashe musu matasa. Iyakar enka kuma ba ta taɓa zama a rufe ba. Erimo Misaki, wadda ta ba Mori Shinichi babbar lambar faifai ta ƙasa a 1974, mawaƙin matasa Yoshida Takuro ne ya tsara kiɗanta.

Akwai wani ɓangare na enka da ba na iya wucewa ban tsaya ba, wato yadda take siffanta mace. Faifan da ya fi kowane ciniki a tarihinta shi ne Onna no Michi na 1972, wanda ya haura miliyan uku. Namiji ne mai gashin baki, Miya Shiro, ke rerawa da bakin mace, macen da ta ba namiji komai ya yasar da ita amma ba ta daina son sa ba. Shekara ɗaya bayan haka Namida no Misao ta zo da irin wannan saƙo, ita ma maza ne suka rera, ta kusa miliyan biyu. Maza ke rubutawa, maza ke tsara kiɗa, sau da yawa maza ke rerawa, kuma macen da ke ciki kullum tana jira, tana haƙuri, tana ɗora wa kanta laifi. Wannan kuwa a shekarun da matan Japan suka fara fitowa titi neman 'yancinsu ne, daga 1970. Ko Kita no Yado kara ta Miyako Harumi, wadda ta ci babbar lambar 1976, macen cikinta tana saƙa wa namiji rigar sanyi alhali ta san ba zai sa ba. Tsohuwar mawaƙiya Awaya Noriko, 'yar Aomori, ba ta ɓoye ƙyamarta ga irin waɗannan waƙoƙi ba har ta mutu.

Masu kare enka sukan ce macen cikin waƙar ba mace ba ce, mayafi ne. Namijin Japan na wancan zamani an hore shi kada ya yi kuka, kada ya ce ya gaji, don haka sai ya ari bakin mace ya faɗi rauninsa. Akwai gaskiya a nan, kuma ita ke bayyana dalilin da ƙato zai rufe ido a sunakku yana rera kalaman matar da aka yaudara. Amma wannan bai wanke waƙoƙin ba. Wanda aka ari bakinta ita ma tana saurare, kuma abin da take ji shi ne haƙuri da wulaƙanci ado ne. Shi ya sa nake fifita matafiyar mashigin Tsugaru. Tana kuka, amma ita ta yanke shawara, ita ta sayi tikiti.

Batun asali ma yana da sarƙaƙiya da masu cewa zuciyar Japan ba su cika son taɓawa ba. Koga Masao a Koriya ya yi ƙuruciyarsa, a Incheon da Seoul, lokacin da Japan ke mulkin mallakar ƙasar, mulkin da ya ɗauki 1910 zuwa 1945. Koriya tana da nata salon, trot, mai kama da enka kamar an tsaga kara, kuma an daɗe ana gardamar wa ya ara daga wa. A Koriya ta Kudu kamannin ya zama laifi: an haramta shahararriyar waƙar Lee Mi-ja, Dongbaek Agassi, daga 1965 har 1987 bisa zargin tana da launin Japan. A Japan kuwa, daga ƙarshen shekarun 1970 mawaƙan Koriya irin su Kim Yon-ja da Kye Eun-sook suka shigo suka yi suna, Teresa Teng 'yar Taiwan ta mamaye yusen shekara uku a jere daga 1984. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne salon biyu tagwaye ne, kamfanonin faifai ɗaya suka haife su a daular mallaka ɗaya, kowane ya sha nonon waƙoƙin ƙasarsa.

Shekarun 1988 da 1989 su suka rufe babin. A Maris 1988 aka buɗe ramin jirgin ƙasa na Seikan, mai tsawon kusan kilomita 54, wanda ya ratsa ta ƙarƙashin mashigin Tsugaru, jirgin fiton kamfanin jiragen ƙasa ya daina aiki. Sarki Hirohito ya rasu a Janairu 1989, zamanin sarautarsa da ake kira Showa ya ƙare. A watan Yuni Misora Hibari ta bi shi tana da shekara 52, ta zama mace ta farko da gwamnati ta ba lambar girmamawa ta al'umma. Matasa suka koma ɗakunan karaoke nasu na kansu, ba sa buƙatar mama ko sunakku, kuma sabon suna, J-pop, ya karɓe kasuwa. Enka ba ta mutu ba, amma ta tsufa tare da masu sauraronta. Ta ci gaba da rayuwa a kaset bayan kowa ya bar kaset, a azuzuwan karaoke na tsofaffi, a gasar waƙa ta ranar Lahadi da NHK ke zagayawa da ita garuruwa tun 1946.

Lokaci-lokaci takan yi yunƙuri. A 1999 wani manomin 'ya'yan itace daga Yamagata, Oizumi Itsuro, ya yi waƙa a kan jikansa ta sayar da fiye da miliyan. A 2000 Hikawa Kiyoshi ya fito, saurayi mai rinannen gashi, iyaye mata da kakanni suka rungume shi. A 2008 Jero, baƙar fata ɗan Pittsburgh a Amurka wanda ya koyi enka wurin kakarsa 'yar Yokohama, ya hau dandamalin Kohaku da hular 'yan hip-hop. A 2016 har wasu 'yan majalisar dokoki suka kafa ƙungiyar tallafa wa enka, suna kiranta al'adar ƙasa da ke buƙatar kariya. Amma matsalarta ba ta kuɗi ba ce ko ta lokacin talabijin. Yaran da suka sauka a Ueno a 1960 yanzu sun kai shekara tamanin, jikokinsu a Tokiyo aka haife su, ba su da ƙauyen da za su yi bege. Ƙauyukan ma suna ƙarewa: ƙidayar gidaje ta 2023 ta sami gidaje kusan miliyan tara da ba kowa a ciki a faɗin ƙasar, kuma Akita da Aomori na cikin jihohin da jama'arsu ke raguwa da sauri fiye da ko'ina. Matasan mawaƙan enka na yau sun iya kobushi sarai, wasunsu ma sun fi na da iya sarrafa murya, sai dai marubutan baitinsu har yanzu jirgin fito da tashar Ueno suke ba su. Hikawa da kansa, wanda aka ɗora wa fatan ceto salon, tun 2017 ya fara rera waƙar rok ta fim ɗin zane mai motsi na Dragon Ball, kuma masu sauraronsa matasa ta nan suka san shi.